Amsar Wasiƙa daga Goronyo: Shin Har Yanzu Akwai Ɗan Bayi a Gaban Shari'a?

TAMBAYA: Wani manomin albasa daga Goronyo ya aiko mana da wasiƙa yana cewa ƙanensa ya nemi aure a wani gari kusa da Wurno, magana ta yi nisa, sai aka ce a dakata, wai kakan kakansu a rinji aka haife shi. Yana tambaya: shin akwai kotun da ta taɓa yanke hukunci a kan bauta, kuma mene ne matsayin jikokin bayi a yau?

AMSA: To Malam, mun gode da wannan wasiƙa. Maganar tana da nauyi, saboda haka za mu bi ta daki-daki.

Da farko, malamanmu ba su ɗauki launin fata ko ƙabila hujjar bautar da mutum ba. Wajen shekarar 1615 Shehu Ahmad Baba na Timbuktu ya ba da fatawa cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya kuma lissafa mutanen Kano da Katsina da Borno cikin Musulmin da bai halatta a mallake su ba. Haka Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi ta kuka da yadda ake kama 'ya'ya ana sayarwa. Amma gaskiya ɗaya ce: bayan jihadi bauta ba ta ƙare ba. Bayi sun yi noma a rinjoji, sun yi dako, sun yi saƙa da rini a ko'ina cikin daular Sakkwato.

Da Turawa suka zo, Gwamna Lugga ya fitar da doka a 1901. Ta hana hari da cinikin bayi, ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilun shekarar ɗa ne, ko da iyayensa bayi ne. Amma ba ta ce mallakar bayin da ke hannu laifi ne ba. Dalili kuwa, Turawa na tsoron gonaki su mutu, sarakuna su juya musu baya, haraji ya ƙi taruwa. Bayan cin Sakkwato a watan Maris na 1903, sai aka bar maganar a hannun alƙalai. Bawa ya yi murgu, wato ya yi sana'arsa yana biyan ubangijinsa, ya tara kuɗin fansa, alƙali ya ba shi takardar 'yanci. Wanda ya gudu ba takarda, samun gona sai ya yi masa wuya. Mata sun fi shan wahala, don sau da yawa wani namiji ne ke biyan fansar ya tafi da ita gidansa. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa.

Ba mu kaɗai muka ga wannan ba. A Amurka, wani bawa mai suna Dred Scott ya kai ƙara yana neman 'yanci, saboda ya zauna a yankin da aka hana bauta. A 1857 Kotun Ƙoli ta ce baƙar fata jikan bayi ba ɗan ƙasa ba ne, saboda haka ba shi da bakin kai ƙara gabanta. Sai da aka gwabza yaƙin basasa kafin a soke bauta a 1865, sannan a 1868 aka gyara tsarin mulki, aka ce wanda aka haifa a ƙasar ɗan ƙasa ne.

Amma shari'ar da ta fi kusa da ku ita ce ta Hadijatu Mani, a yankin Birnin Ƙonni, tsallaken Illela. A 1996, tana da shekara 12, aka sayar da ita a kan sefa 240,000, aka mai da ita abin da ake kira wahaya: tana aikin gida da na gona, maigidan kuma yana kwana da ita ba aure, ba sadaki. A 2005 ya ba ta takardar 'yanci, amma ya ce ba inda za ta, ai matarsa ce. Kotun farko a Ƙonni ta ce babu aure. Ta sama da ita ta rushe wannan hukunci. Da Hadijatu ta auri wanda take so, sai aka yanke mata ɗaurin wata 6, wai ta yi aure kan aure. Ku duba wannan al'amari, jama'a!

Ba ta karaya ba. Da taimakon ƙungiyar Timidria ta kai gwamnatin Nijar ƙara gaban kotun ECOWAS. Ranar 27 ga Oktoba, 2008, kotun ta zauna a Yamai, ta tabbatar cewa bauta aka yi mata, kuma hukuma ta gaza kare ta, alhali alƙalai sun ji labarin da kunnensu, kuma tun 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifi. Aka umarci gwamnati ta biya ta diyyar sefa miliyan 10.

To, a Nijeriya fa? Tsarin mulkin 1999, sashe na 34, ya hana riƙe kowa a matsayin bawa. Sashe na 42 kuma ya ce ba za a tauye wa ɗan ƙasa wani haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa ba. Ke nan ba mai ikon ƙwace maka gona, ko rumfar kasuwa, ko hana ka tsayawa zaɓe da sunan asali. Wanda aka yi wa haka, ƙofar kotu a buɗe take.

Sai dai Malam, kada mu yaudare ka. Kotu ba ta ɗaura aure dole, ba ta kuma wanke zuciya. Shawararmu, ku nemi limamin garin da dattawan da ake jin maganarsu, su zauna da waliyyin yarinyar, su tuna masa Bilal, bawan da aka 'yanta ya zama ladanin Manzon Allah (SAW). A binciki addinin yaro da halinsa da sana'arsa. Allah Ya daidaita tsakani, amin.

Mai tambaya ba ya ɓata. Sai mun ji daga gare ku.