Haruffa Masu Ƙugiya da Buɗaɗɗiyar Manhaja: Waiwaye Daga Zariya Zuwa Agege

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da rubutun boko ya haɗu da sabuwar na'ura, haruffan da suka fara shiga halin ni-'yasu su ne masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ wadda ake amfani da ita a Jamhuriyar Nijar a madadin 'y. Rashinsu ba ƙaramar asara ba ce, domin su ne ke bambanta kafa da ƙafa, da bata da ɓata, da kara da ƙara. Wannan maƙala za ta bi diddigin hannayen da suka riƙe makomar waɗannan haruffa, tun daga hukuma, zuwa kamfani, har zuwa zamanin buɗaɗɗiyar manhaja.

2.0 Zamanin Hukuma

A shekarar 1912 Hans Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya wallafa ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. A wancan lokaci da ɗigo ko waƙafin sama ake nuna waɗannan sautuka. Sai a shekarun 1930 ne haruffa masu ƙugiya suka samu gindin zama, a zamanin da R. M. East ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, sannan jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939, ta yaɗa su. Tarurrukan Bamako a 1966 da Yamai a 1980 sun ci gaba da aikin daidaitawa. Abin lura shi ne, a duk tsawon wannan zamani gyara yana hannun hukuma da maɗaba'a. Marubucin da tafiretarsa ba ta da ƙugiya, iyakarsa ya bi takarda da alƙalami yana lanƙwasawa.

3.0 Zamanin Kwamfuta da Shari'ar Legas

Tsarin ASCII na Amurka, wanda ya fito a 1963, gurabe 128 kawai gare shi, kuma babu ko ɗaya na Hausa. Tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, shi ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin: ɓ tana 0253, ɗ tana 0257, ƙ tana 0199, ƴ kuwa tana 01B4. Sai dai samun lamba daban, samun madanni daban. Dole a sami wanda zai zana siffar harafin, da wanda zai tsara inda za a danna shi.

A Legas wannan batu ya kai gaban alƙali. Kamfanin Lancor ya ƙera allon madannai mai suna Konyin domin harsunan Nijeriya. A 2007, shekarar da shirin One Laptop per Child ya gwada kwamfutocin yara a makarantar firamare ta Galadima kusa da Abuja, kamfanin ya shigar da ƙara a Babbar Kotun Tarayya ta Legas, yana zargin an kwaikwayi tsarinsa. Ko mene ne gaskiyar kowane ɓangare, shari'ar ta fito da wata tambaya fili: shin hanyar rubuta harshen jama'a tana iya zama mallakar wani?

4.0 Buɗaɗɗiyar Manhaja

Amsar da wasu suka bayar ta samo asali ne daga shirin GNU wanda Richard Stallman ya ƙaddamar a 1983, da lasisin GPL na 1989, da Linux wanda Linus Torvalds ya fara a 1991. Manufar ita ce a bar rubutun umarnin manhaja a fili, kowa ya karanta, ya gyara, ya rarraba. Tsarin bayar da gudummawa kuwa ya yi kama da na mujallar ilimi. Mutum zai kwafi ma'ajiyar aikin, ya yi gyaransa, ya miƙa wa masu kula da ita tare da hujjarsa. Su duba, su yi tambaya, su karɓa ko su mayar. Idan an karɓa, sunansa da ranar gyaran suna nan a rubuce. Manhajar Git ta 2005 da dandalin GitHub na 2008 sun sauƙaƙa wannan hanya ƙwarai.

Hausa ta ci moriyar wannan tsari ta fuskoki uku. Na farko, ƙungiyar SIL ta fitar da buɗaɗɗen lasisin haruffa a 2005, wanda a ƙarƙashinsa ake rarraba Charis da Doulos, masu ɗauke da ƙugiyoyin duka. Na biyu, ma'ajiyar madannai da Linux ke amfani da ita tana da tsarin Hausa a sashen Nijeriya da na Gana. Na uku, tattara bayanai: ƙungiyar Masakhane ta kafu a 2019, Hausa ta shiga taskar muryoyi ta Common Voice ta Mozilla a 2021, sannan a 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka fitar da NaijaSenti, mai ɗauke da saƙonnin Twitter kimanin 30,000 a kowane ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci da Fijin.

5.0 Matsayin Agege

Zangon Agege ya bunƙasa ne da cinikin goro da layin dogo wanda ya isa Kano a 1911. Maƙwabciyarsa Ikeja ita ce mazaunin babbar kasuwar kwamfuta da wayar hannu, kuma a Legas ne ƙungiyar Open Source Community Africa ta yi bikinta na farko a 2020. Hausar da ake yi a irin wannan zango ta daɗe tana cuɗanya da Yarbanci da Fijin. Na'urar da aka horar da Hausar jarida kaɗai ba za ta gane ta ba, wadda aka horar da rubutun kafafen sadarwa kuwa za ta gaji ɗabi'ar zubar da ƙugiya. Buɗaɗɗiyar ma'ajiya ba ta ƙunsar komai sai abin da aka zuba mata.

6.0 Kammalawa

An ga yadda ikon gyara ya tashi daga ofishin Zariya ya koma ma'ajiyar da ke buɗe ga kowa. Amma masu kula da irin waɗannan ayyuka galibi ba sa jin Hausa, don haka kuskuren da masanin harshe bai gani ya gyara ba zai bazu cikin kowace na'urar da ta kwafi aikin. Ke nan duba jerin kalmomi, da mayar da ƙugiya inda ta faɗi, da naɗar muryoyin zanguna irin na Agege, aiki ne da ya hau kan sassan nazarin harsunan Nijeriya, kamar yadda daidaita ƙa'idojin rubutu ya hau kan magabata.