Bugun zafi: alamu da taimakon farko

Daga watan Maris zuwa Mayu, zafi kan wuce digiri 40 a Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram. Bugun zafi na samun mutum idan jikinsa ya kasa huce kansa, kuma yana iya kisa. Ya fi kama tsofaffi, jarirai, masu ciki da masu aiki cikin rana.

Alamunsa su ne jiri, ciwon kai, ruɗewa da suma. A kai mutum inuwa, a sassauta masa tufafi, a jiƙa jikinsa ana yi masa fifita, a garzaya da shi CSI mafi kusa. Kada a ɗura wa sumamme ruwa.

A riƙa shan ruwa tun kafin ƙishirwa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa, a yawaita masa nono kaɗai.