Naira da Sefa: Tarihin Canji da Tasirinsa a Masana'antun Kano

Kafin zuwan Turawa, Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram kuɗi ɗaya suke kashewa, wato wuri, wanda ake ɗura 20,000 a keso guda, kuma lokacin da matafiyi Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan riyal ɗaya na azurfa. Rabon ƙasa tsakanin Ingila da Faransa ne ya raba wannan kasuwa gida biyu, inda kudancin iyaka ya koma kan fam da sule da kwabo na Hukumar Kuɗin Afirka ta Yamma da aka kafa a 1912, arewaci kuma ya koma kan kuɗin Faransa, har aka ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945.

Bambancin da ya fi muhimmanci yana cikin tushen kuɗaɗen biyu. An ɗaure sefa da farankin Faransa a kan farashi tsayayye, sefa 50 a faranki ɗaya tun daga 1960, tare da lamunin baitulmalin Faransa cewa za a musanya ta a kowane lokaci, alhali naira, wadda ta maye gurbin fam ranar 1 ga Janairun 1973 a kan naira biyu a fam ɗaya, darajarta tana hannun Babban Bankin Najeriya da kuɗin man fetur. A 1980 dalar Amurka ba ta wuce kwabo 55 ba, wanda ke nufin naira ɗaya ta kai kimanin sefa 380 a farashin hukuma. A wannan zamani ne masana'antun Bompai, unguwar masana'antu mafi daɗewa a Kano, da na Sharaɗa da Challawa da Dakata suka bunƙasa, domin naira mai ƙarfi ta sauƙaƙa sayen injuna da sinadarai daga Turai. Sai dai ita ce kuma ta buɗe wa Alhazan Maraɗi ƙofar arziki, waɗanda ke sauke atamfa da taba sigari ta tashar Kwatano, su tsallako da su ta Jibiya zuwa kasuwannin Kano, inda suke gogayya da kayan gida.

A watan Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya launin takardun naira, ta kuma rufe iyakoki, sai nairar da ke hannun mutanen Nijar ta zama takarda kawai, ga fari ya zo a shekarar, har talakawan can suka laƙaba wa yunwar suna El-Buhari. An buɗe iyaka a 1986, shekarar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta fara gwanjon kuɗin waje ƙarƙashin shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP, kuma cikin ɗan lokaci dala ta kai naira huɗu.

Daga nan akalar ciniki ta juya. Mai sefa ya zama babban baƙo a Kantin Kwari da kasuwar Singa, yana lodin bokitan roba da takalma da sabulu da alewa da yadi zuwa Maraɗi da Damagaram da Agadas, 'yan canji na Wapa a Fagge kuwa suka zama masu yanke farashin da fatake ke aiki da shi, wanda sau da yawa ya yi nisa da na banki. 'Yan kasuwar Najeriya sun riƙa tara sefa don su sami faranki a Turai, har sai da aka daina karɓar takardun sefa da suka fita yankinta a watan Agustan 1993, sannan a Janairun 1994 aka karya darajarta da rabi a Dakar, faranki ɗaya ya koma sefa 100. Tun 1999 tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957.

Kuskure ne babba a ɗauka cewa faɗuwar naira alheri ce ga masana'anta don kawai kayanta sun yi araha a Nijar. Mai kamfanin roba a Dakata yana sayar da kayansa da naira, amma injinsa da kayan gyaransa da yawancin sinadaransa farashin dala suke bi, ga kuma man gas na janareta saboda ƙarancin wutar lantarki, don haka ribar da mai sefa ya kawo takan ƙare wajen sayo kayan aiki na gaba. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa masaƙu da dama suka rufe duk da cewa masu saye ba su yanke ba, kuma ma'aikatan da aka sallama da iyalansu ne suka ɗauki nauyin asarar.

Rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 ya sake tsayar da wannan ciniki, kuma bayan da aka sake wa naira mara a Yunin 2023, dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024. A lokacin jikka ɗaya, wato sefa 1,000, ta zarce naira 2,000 a Wapa, alhali a farashin hukuma na 1980 ba ta kai naira uku ba.