Daga Punjab zuwa Kalifoniya: Tarihin Yaɗuwar Tafarkin Sikh da Yoga a Tsakanin Turawan Yamma

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin ƙungiyar da Harbhajan Singh, wanda aka fi sani da Yogi Bhajan, ya kafa a Amurka a 1969, wadda ta haɗa motsa jikin yoga da aƙidun addinin Sikh. Ta duba yanayin da ya sa matasan Turawa suka karɓi kiran, da saɓanin da ya taso tsakaninsu da 'yan asalin addinin, da kuma halin da ƙungiyar ta shiga bayan mutuwar jagoranta.

Gabatarwa

Addinin Sikh ba a san shi da fita neman mabiya ba. Shekaru ɗaruruwa ya kasance addinin mutanen Punjab, ana gadonsa tare da harshe da dangi. Hatta waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka a farkon ƙarni na 20, suka gina ɗakin ibadarsu na farko a Stockton ta jihar Kalifoniya a 1912, ba su damu da jawo maƙwabta ba. Saboda haka bayyanar fararen fata sanye da fararen rawuna, maza da mata, suna kiran kansu Sikh a shekarun 1970, abu ne da ya cancanci nazari, musamman ga mai son fahimtar yadda addini ke sauya kama idan ya bar mahaifarsa.

Tushen Addinin da Matsayinsa kan Yoga

An haifi Guru Nanak a 1469 a ƙauyen Talwandi, wanda yanzu ake kira Nankana Sahib a Pakistan, ya mutu a Kartarpur a 1539. Ya yi kira ga bauta wa Ubangiji ɗaya da yawaita ambatonsa, da neman abinci da gumin goshi, da raba shi da mabuƙata. Jagorori tara suka biyo bayansa. Na ƙarshensu, Guru Gobind Singh, shi ya kafa jama'ar Khalsa a Anandpur a 1699, kuma kafin mutuwarsa a 1708 ya mayar da jagoranci ga littafinsu, Guru Granth Sahib. Ke nan tun daga wannan shekara, babu wani ɗan Adam da ke da matsayin Guru a wurin jumhurinsu.

Wani abin lura shi ne cewa littafin ya ƙunshi wata muhawara da ake kira Siddh Gosht, tsakanin Nanak da 'yan yogan zamaninsa masu ƙaurace wa jama'a. A cikinta ya fifita zaman iyali da ambaton Ubangiji a kan gudun duniya da wahalar da jiki. Waɗannan batutuwa biyu, rufe ƙofar Guru da sukar tafarkin 'yan yoga, su ne daga baya suka zama hujjar masu adawa da Yogi Bhajan.

Yanayin da Kiran ya Tarar

Malaman Indiya sun daɗe da sanin hanyar Amurka. Swami Vivekananda ya yi jawabi a taron addinai na Chicago a 1893, Yogananda kuma ya sauka a Boston a 1920. Sai dai dokokin shige da fice sun taƙaita shigowar mutanen Asiya har zuwa 1965, lokacin da aka sassauta su. Sassaucin ya zo daidai da lokacin da matasa da yawa suka juya wa coci da tarbiyyar iyayensu baya, suna adawa da yaƙin Vietnam, wasu kuma suna neman natsuwa a cikin miyagun ƙwayoyi. A wannan shekarar Prabhupada, wanda ya kafa ƙungiyar Hare Krishna, ya isa New York. A 1968 mawaƙan Beatles suka je Indiya wurin Maharishi Mahesh Yogi. Kasuwa ta riga ta ci. Sauran kawai mai kawo haja.

Zuwan Yogi Bhajan

An haifi Harbhajan Singh Puri a 1929 a gundumar Gujranwala. Iyalinsa sun koma Delhi lokacin raba Indiya da Pakistan a 1947, ya yi karatun tattalin arziki, sannan ya yi aikin kwastan. A 1968 ya tafi Toronto ta Kanada, daga can ya wuce Los Angeles, inda ya fara koyar da abin da ya kira Kundalini Yoga a farkon 1969. A wannan shekarar ya kafa ƙungiyar 3HO, sunan da aka ciro daga kalmomin Turanci uku masu nufin lafiya da farin ciki da tsarki.

Abin da ya ba almajiransa tsari ne mai tsauri: tashi kafin asuba, wanka da ruwan sanyi, sa'o'i biyu da rabi na motsa jiki da sarrafa numfashi da maimaita kalmomin ambato, barin nama da giya da ƙwaya. Ga matashin da rayuwarsa ta wargaje, wannan ƙa'ida ta zama madogara, kuma da yawa sun shaida cewa ta raba su da shaye-shaye. Aka buɗe gidajen zaman tare, da ake kira ashram, a biranen Amurka da Turai, daga baya cibiyar ƙungiyar ta zauna a Espanola ta jihar New Mexico.

Daga Motsa Jiki zuwa Addini

Da farko almajiran yoga suka zo koyo, ba addini ba. Sauyin ya bayyana ne a tafiyar da ya yi da almajirai 84 zuwa Indiya daga ƙarshen 1970 zuwa farkon 1971. A wannan tafiya ya ɓata da malaminsa Maharaj Virsa Singh, ya karkata zuwa hukumomin addinin a Amritsar, inda aka karrama shi. Mabiyansa na cewa a nan aka naɗa shi Siri Singh Sahib, wato shugaban addinin a ƙasashen Yamma. Masu suka kuma na cewa karramawar ba ta kai ga naɗi irin wannan ba. A 1973 aka yi rajistar reshen addini na ƙungiyar, aka tsara ma'aikatan addini masu ɗaura aure da jagorantar ibada, tsarin da ya fi kama da na coci fiye da abin da aka saba a Punjab. Almajirai suka ɗauki sunan Khalsa, suka bar gashi, mata ma suka naɗa rawani, alhali matan Punjab mafi yawansu mayafi suke yafawa.

Ƙungiyar ba ta tsaya ga ibada ba. Mabiyanta sun kafa kamfanin tsaro na Akal Security a 1980, wanda ya samu kwangilar gadin kotunan tarayyar Amurka, da kuma kamfanin shayi na Yogi Tea. Dukiya ta ba ta ƙarfi da kusanci da 'yan siyasa, amma ta ƙara tattara iko a hannun mutum ɗaya.

Saɓani da 'Yan Asali

Mutanen Punjab sun rabu kan waɗannan baƙi. Wasu sun yi alfahari da ganin Turawa na riƙe da alamomin da 'ya'yansu ke yarwa. Wasu kuma suka ga bidi'a. A 1977 masani Trilochan Singh ya wallafa littafi yana nuna cewa yogar Tantra da Yogi Bhajan ke koyarwa ba ta da asali a karantarwar Guru goma. Masanin halayyar al'umma Verne Dusenbery ya nuna cewa tushen rashin jituwar shi ne ma'anar zama Sikh: ga ɗan Punjab abu ne da ya haɗa da haihuwa da dangi da mutuncin gida, ga sabon shiga kuwa zaɓi ne da aiki da ƙa'ida. Don haka kowane ɓangare na kallon ɗayan a matsayin mai rauni a addini.

Tambayar isnadi ma ta taso. Yogi Bhajan ya ce yogarsa tsohon sirri ne da ya karɓa daga wani Sant Hazara Singh, har ya ƙware yana ɗan shekara 16. Amma a 2012 Philip Deslippe, a mujallar Sikh Formations, ya bi tsofaffin wallafe-wallafen ƙungiyar ya kawo hujjar cewa tsarin haɗe-haɗe ne daga malamai biyu na zamani: motsa jiki daga Swami Dhirendra Brahmachari, ambato kuma daga Virsa Singh, wanda aka daina ambaton sunansa bayan ɓatawarsu.

Bayan Mutuwar Jagora

Yogi Bhajan ya mutu a Espanola ranar 6 ga Oktoba, 2004, kuma a shekarar da ta biyo majalisar dokokin Amurka ta zartar da ƙudurin yabonsa. Sai dai tun 1986 wasu mata biyu suka kai shi ƙara kan cin zarafi, aka sasanta a wajen kotu. A farkon 2020 tsohuwar sakatariyarsa, Pamela Dyson, ta wallafa tarihin zamanta da shi, abin da ya ƙarfafa wa wasu mata gwiwa suka yi magana. Hukumar ƙungiyar ta ɗauki wata cibiya mai suna An Olive Branch ta yi bincike, rahoton da ya fito a watan Agusta na shekarar kuma ya rinjayar da cewa ya aikata cin zarafin mata. Wasu mabiya sun ƙi yarda da rahoton; wasu suka cire hotunansa suka ci gaba da koyar da yogar; wasu suka bar ta suka riƙe littafin Granth kaɗai; wasu kuma suka bar komai.

Kammalawa

Wannan tarihi ya nuna cewa sababbin shiga sun san addinin ne ta bakin mutum ɗaya, ba su da harshen littafinsa, ba su kuma da malaman da za su auna maganarsa da su. Ta haka aka wayi gari addinin da ya rufe ƙofar Guru tun 1708 ya samu mai zaɓa wa mabiya suna da abokin aure, babu mai tuhumarsa. Masu nazarin Musulunci a Yamma sun san makamancin lamarin ta wata fuska, domin tafarkin da Inayat Khan ya kai can a 1910 ya haifar da masu kiran kansu sufaye ba tare da riƙo da shari'a ba. Bambancin shi ne almajiran Yogi Bhajan sun shiga ta ƙofar motsa jiki suka ƙare da karɓar addini da alamominsa, har wasu 'ya'yansu suka yi karatu a Amritsar suka iya harshen Punjabi. Ko wannan zuriya za ta narke cikin jama'ar Sikh ko za ta zauna a matsayin ɗarika mai zaman kanta, tambaya ce da ke buƙatar bincike na gaba.