Afrique Refait: Faifan Mdou Moctar Da Mawaƙan Afirka Suka Sabunta

Afrique Refait faifan waƙoƙi ne na ƙungiyar Mdou Moctar, makaɗan jita na Jamhuriyar Nijar, wanda kamfanin Matador ya fitar a shekarar 2022. Babu sabuwar waƙa a cikinsa. Waƙoƙin faifan Afrique Victime na 2021 ne aka miƙa wa masu haɗa kiɗa na Afirka, suka warware su, suka sake ƙera su da na'ura.

Cikinsu akwai Duma daga Kenya, da Jay Mitta daga Tanzaniya, da Aya Metwalli daga Masar. Galibi irin wannan aiki a Turai ko Amurka ake ba da shi, amma ƙungiyar ta zaɓi ya tsaya a hannun 'yan nahiyar.

Jagoran ƙungiyar, Mahamadou Souleymane, Buzu ne mai rera waƙa da harshen Tamashek. A Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, da salon gyaran murya irin na waƙoƙin finafinan Hausa. Ta katin ajiya na wayar salula waƙoƙinsa suka fara bazuwa a yankin Sahel.