Sanyaya kwamfuta da ruwa: famfo ne matsalar ko lagireto?

Ina gyaran kwamfuta a Lafia, kuma tambayar da 'yan uwa masu haɗa bidiyon biki suka fi yi min, daga Sabo ta Ibadan har Agege, ita ce: “Malam, in sayi famfo mai ƙarfi ne?” Galibi amsata a'a ce.

Ga yadda abin yake. Famfo na tura ruwa ta cikin tiyo zuwa wani ɗan faranti da ke manne a kan furosesa. Ruwan ya kwashi zafi ya kai lagireto, fanka ta hura shi waje, kamar dai a mota. Ruwa lita 1 a minti ɗaya yana ɗaukar zafin wat kusan 70 kafin ya hau da digiri 1. To, a ce na'urarka na fitar da wat 300. In gudun ruwan lita 1 ne a minti, bambancin zafinsa tsakanin shiga da fita zai kai digiri 4. A lita 4, kusan digiri 1 ne. A lita 8, rabin digiri. Ka ga ke nan, da zarar ka kai lita 4, kuɗin sabon famfo rabin digiri kawai zai sayo maka, sai ƙarin ƙara a kunne.

Wasu kuma na cewa in ruwa ya cika sauri ba ya samun lokacin hucewa. Ba haka ba ne. Yana wucewa da sauri, amma yana dawowa da sauri.

Inda aikin yake shi ne lagireto. Ana auna shi da girman fankarsa: milimita 120, 240, 360. Ƙiyasin masu sana'ar shi ne 120 ga kowane wat 100, ni kuwa a nan ina ƙara 120 a kai. Dalili, lagireto ba ya iya sauke ruwa ƙasa da zafin ɗakin da yake ciki. A watan Maris shagona kan wuce digiri 35, ruwan kuwa ya tsaya wajen 45. Bature mai gwaji a ɗaki mai digiri 22, lissafinsa ba naka ba ne.

Bara wani yaro ya kawo min tasa, tana sanɗa tsakiyar aikin wata amarya, har ya riga ya ranci kuɗin famfo. Da na buɗe, ƙurar hunturu ta toshe lagireton kamar an shafe shi da laka. Hura shi kawai na yi.

Ku na Legas da Fatakwal ƙurarku ba ta kai tamu ba, amma ku kula da ruwan. Kar a zuba na rijiyar burtsatse ko fiya wata, gishirin cikinsa na toshe faranti. A nemi tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba mai asid ba. Kuma in farantin na tagulla ne, kar a haɗa shi da lagireton alminiyam, tagullar na sa alminiyam ɗin ya cinye.