Alƙaluman Binciken Karaya: Abin Lura Kafin Ka Yarda da "Kashi Kaza Cikin Ɗari"

'Yan'uwa mazauna Agege, Sabon Ibadan da Fatakwal, kuna yawan ganin saƙo a WhatsApp wai bincike ya nuna kaza game da karaya da ɗori. Ni tambayar da nake fara yi ita ce: su wa aka ƙirga?

Mu ɗauki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri. Babban asibiti ne da ake turo masa marasa lafiya daga Borno da Yobe, har da maƙwabta irin Chadi da Kamaru. Galibi wanda abin ya yi wa tsanani ne ke isa can. To idan likitoci suka rubuta cewa cikin waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa akwai da yawa da suka fara zuwa wajen mai ɗori, wannan lissafin na waɗanda suka zo asibiti ne kawai. Bai faɗi mutum nawa cikin ɗari na masu zuwa ɗori ke rasa gaɓa ba. Haka wanda ya sa hannu ya bar asibiti, ko bai dawo an duba shi ba, ba ya cikin lissafin waɗanda suka warke ko suka nakasa.

Sai yawan mutanen. Misali, 2 cikin 10 kashi 20 ne cikin ɗari. Da mutum ɗaya ya ƙaru, ya koma kashi 30. Adadi kaɗan ba ya yanke hukunci.

Shekara ma abin dubawa ce. Rikicin Boko Haram ya ɓarke a Maiduguri a 2009, aka hana hawa babur a garin a 2011. Saboda haka raunukan da aka gani kafin lokacin daban suke da na bayansa, ba kuma za a gwama su kai tsaye da na Asibitin Ƙashi na Igbobi a Legas ko na Dala a Kano ba.

Amma fa kada wani ya ce na wanke ɗori. Ɗaurin karare da ya matse yana tsayar da jini, naman ya ruɓe, sai yankewa. Wannan ba ya jiran lissafi. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko ciwon ya ƙi lafawa, a garzaya asibiti nan take. Allah Ya kiyaye mu.